Abin da Malamin Asibiti Ya Ke Nema a Ido da Kunne

Yau za mu yi magana a kan duban ido da kunne a ɗakin shan magani. Maganar ta kowa ce, amma mun fi nufin mutanenmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, inda iska da rairayi da ƙuda su ke wahalar da ido, zafin bazara kuma ya kan zo da sanƙarau mai ɓata kunne.

Akwai wani gunaguni da a kan ji a bakin ɗakin shan magani kusan kowace safiya. Mutum ya tako daga ƙauyensu, ya ce idonsa na ciwo, a ba shi maganin ɗigawa ya koma gona. Malamin asibiti kuwa sai ya ce ya zauna, ya shiga yi masa tambayoyi, ya sa shi ya tsaya can nesa yana nuna wani zane a bango, ya haska masa tocila, ya juya masa fatar ido. Sai mutumin ya fito yana cewa an ɓata masa rana, mai kemis na kasuwa ma ya fi sauri. To, gaskiya ne mai kemis ya fi sauri, domin bai duba kome ba. Jan ido iri iri ne. Wani ya kan warke da kansa cikin mako guda, wani kuwa in an ɗiga masa maganin da ba nasa ba, kwana kaɗan idon ya tsiyaye. A waje duk kamarsu ɗaya, sai an duba a ke rarrabewa. Saboda haka bari mu bi duban nan daki daki, ku san abin da a ke nema, ku kuma taimaki mai dubawa.

Da farko tambaya. Zai ce, yaushe abin ya fara? Ido ɗaya ne ko duka biyu? Da zafi ko babu? Ganin ya ragu, ko yana nan yadda ya ke? Wani abu ya faɗa ciki? Sa'an nan ya zo ga tambayar da mutane ba su son amsawa, watau, me ka riga ka sa? A nan a ke ɓoye ɓoye. Wani ya ɗiga ruwan nono, wani ruwan albasa, wani sukari, wani garin magani da ya saya ranar kasuwa, wani har fitsari. Ku faɗi gaskiya, ba za a kai ku gaban alƙali ba. In da kwalbar maganin a gida, ku zo da ita. Akwai wani irin maganin ɗigawa da ke kwantar da ja nan da nan, har mutum ya yi ta yabonsa, alhali in akwai gyambo a baƙin ido sai ya ƙara zurfafa shi, in kuma an daɗe ana sa shi ya kan jawo hawan jinin ido da yana. Malamin asibiti na ganin sunansa a kwalba zai gane. Haka kuma ku faɗa masa in kuna da ciwon sukari ko hawan jini, ko kuwa akwai wanda ya makance a danginku, domin duk suna da alaƙa da ido.

Mata, in za ku zo duban ido ku wanke kwalli tukuna, na yara ma haka. Kwalli ya kan rufe bakin fatar ido, wurin da a ke so a gani. Ban da wannan ma, kwallin dutse galibi da dalma a cikinsa, dalma kuwa guba ce ga jarirai, kuma tsinken kwalli guda da ke zaga idon mutanen gida duka shi ke zaga musu da ciwo.

Bayan tambaya sai awon gani. Allon nan da ku ke gani a bango, mai manyan baƙaƙe a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, wani likitan ƙasar Holan mai suna Snellen ne ya ƙago shi cikin 1862, har yau kuwa da shi a ke aiki ko'ina a duniya. Kada wani ya ce ai shi bai yi boko ba. Akwai allon da aka yi musamman domin wanda bai san baƙaƙen boko ba, zane ɗaya ne tak mai ƙafafu uku, ana jujjuya shi. Abin da za ka yi kawai shi ne ka miƙa yatsunka uku ka nuna inda ƙafafun suka fuskanta, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Za a tsayar da kai mita 6 daga allon, watau ƙafa 20, a ce ka rufe ido ɗaya da tafin hannu. Da tafi za ka rufe, ban da danna idon, ban da leƙe ta tsakanin yatsu. Tsofaffi sun iya wannan leƙe ƙwarai. Malami na cewa, "Baba, rufe na hagu," sai Baba ya bar 'yar kafa, domin kada a ce ganinsa ya ragu. Kansa ya cuta.

Dalilin da ya sa a ke auna ido ɗai ɗai shi ne babban abin da mu ke so ku riƙe a maganar yau. Allah ya ba mu ido biyu, kunne biyu, in ɗaya ya soma gazawa ɗan'uwansa ya kan rufa masa asiri. Mutum sai ya yi shekara biyu ko uku idonsa na dama ya dushe bai sani ba, yana noma, yana cin kasuwa, yana karatunsa. Ran da ƙura ta shiga na hagu ya runtse shi, ran nan ya ke gane duhu ya ke ɗauke da shi a gefe guda. Sau da yawa kuwa lokacin an makara. Wannan gwaji ba ya bukatar asibiti ma. Yau in ka koma gida, ka tsaya ƙofar zaure, ka dubi wata bishiya ko rumbu da ka saba gani, ka rufe ido ɗaya, sa'an nan ka rufe ɗayan. In ka ga bambanci, ka zo a duba, ko babu ciwo ko kaɗan.

Lambar da a ke rubuta muku a kati ga ma'anarta. In an rubuta 6/6, ganinka cikakke ne. In an rubuta 6/60, watau abin da lafiyayyen ido ya ke gani daga mita 60, kai sai ka matso mita 6 ka ke ganinsa. Wanda bai ga ko babban baƙin sama ba, a kan matso da shi, a ɗaga masa yatsu ya ƙidaya. Wanda idonsa mafi kyau ba ya iya ƙidaya yatsu daga mita 3, shi ne a lissafin asibiti a ke kira makaho, ko da yana ganin haske da gilmawar mutane. Ku adana katin nan. In kun dawo baɗi, da shi za a gwada a san ko ganin yana raguwa.

Sa'an nan akwai wata 'yar dabara. A kan ba mutum wani abu mai ƙaramar huda kamar ta allura, a ce ya leƙa allon ta ciki. In ya ga baƙaƙen sun fito sarai, to, albishirinsa, galibi tabarau kaɗai ya ke bukata. Yara 'yan makaranta da yawa a nan matsalarsu ta ke. Yaro na zaune bayan aji, ba ya ganin allo, yana kwafe daga littafin maƙwabcinsa, a ce masa daƙiƙi. Manya kuma, daga shekara 40 zuwa sama, ganin kusa ya kan ja baya. Tela ya kasa zura zare, malami ya riƙa nesanta Alƙur'ani daga fuskarsa, uwar gida ta kasa tsince tsakuwa a shinkafa. Wannan ba cuta ba ce, girma ne, tabarau na karatu mai arha ya kan gyara shi. Amma a auna tukuna, kada a ɗauki na tire a yi ta gwadawa, domin ranar awon nan ce a kan kama wasu cututtukan da ba su nuna alama.

To, yanzu sai tocila. Malamin asibiti zai wanke hannunsa, ya ja fatar ido ta ƙasa ya duba cikinta. In ta yi fari fat maimakon ja, jini ya yi ƙaranci, kuma wannan a kan same shi ga masu juna biyu da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya sha kamawa. In farin ido ya yi rawaya, shawara ce, maganar hanta ko jini ke nan, ba ta ido kaɗai ba. Kun ga ashe ido taga ce ta jiki duka. Daga nan sai ya haska baƙin ido, wanda ya kamata ya zama garau yana ƙyalli kamar gilashi. In ya ga wuri ya dushe ko ya yi fari, ga zafi, ga hawaye, mutum ba ya son haske, to, gyambo ne, kuma ba a kwana da shi. Lokacin kaka a ke yawan samunsa, sa'ad da ƙaiƙayin gero ko ganyen dawa ya karci ido wajen girbi ko sussuka. Karcewar 'yar ƙarama ce, amma ƙwayoyin cuta na bin ta su shiga. In an yi sakaci sai ta bar hakiya, ko idon ya fashe.

Sai ƙwayar tsakiya, 'yar baƙar ƙofar nan da haske ke shiga. In an haska ta, ya kamata ta tsuke nan take, ta ɗaya idon ma ta tsuke tare da ita. In ta ƙi motsi, akwai magana a jijiyar gani. In kuwa ta yi fari ko toka toka ga dattijo, ganinsa yana ta raguwa sannu sannu kamar hazo, babu zafi, yana ce. Yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a ƙasar nan. Binciken da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutane 100 masu shekara 40 zuwa sama, 4 makafi ne, cikin makafi 100 kuwa 43 yana ce ta rufe musu ido. Binciken ya ce kashi 84 cikin 100 na makantar nan, da an hana ta ko an warkar da ita. Yana tana da aiki a asibiti, a cire ta a sa wani ɗan gilashi a madadinta, mutum ya koma ganin jikokinsa. Asibitin ido na Mishan da ke Sabon Garin Kano tun 1943 ya ke wannan aiki, ga asibitin Malam Aminu Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Daga ɗakin shan magani za a ba ku takarda zuwa babban asibitin Kazaure ko na Babura, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku gaba.

A nan dole mu ja kunne game da masu yawo ƙauye ƙauye suna ture yana da tsinke ko allura. Abin da su ke yi shi ne su soki idon su tura yanar ta faɗa ciki. Ran nan mutum ya ga haske, ya yi murna, ya ba da akuya. Bayan 'yan kwanaki ko watanni sai kumburi da zafi su biyo, mai aikin kuwa ya riga ya ƙetare iyaka ko ya faɗa wata ƙasar hakimi. Binciken nan da muka ambata ya tarar cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 4 cikin 10 turewa aka yi, kuma yawancinsu makafi ne sa'ad da aka auna su.

Fari a ƙwayar idon yaro ƙarami kuwa wata magana ce dabam. In uwa ta ga tsakiyar idon ɗanta na ƙyalli da dare kamar na kyanwa, ko ya fito fari a hoton waya, ta kai shi cikin makon nan. Yana iya zama yana ta haihuwa, yana kuma iya zama ciwon daji na ido, wanda ke kisa in an jinkirta. Haka jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya kafin ya yi wata guda. Kada a jira suna, kada a jira arba'in, a kai shi ran nan.

Akwai cutar da tocila ba ta kama ta sosai, watau hawan jinin ido. Ita ce ta biyu bayan yana, wajen makafi 17 cikin 100. Idon fari tas, babu ja, babu zafi, amma ruwan cikinsa ya matse jijiya yana cinye gani daga gefe gefe, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara. Malamin asibiti zai zauna gabanka, ka rufe ido ɗaya ka dubi hancinsa, ya riƙa kawo yatsa daga gefe ka faɗi lokacin da ka gan shi. In ya yi shakka zai tura ka inda a ke da na'urar auna matsin ido. Abin da ta riga ta cinye ba ya dawowa, sai dai a tsare saura da magani kullum ko da aiki. Tana bin dangi. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka makance alhali idonsu garau, ya je a auna shi da zarar ya kai 40.

Yanzu sai juya fatar ido ta sama, abin da yara ke kuka a kansa, manya su yi ta ƙifce ƙifce. Ba zafi gare shi. Ka dubi ƙasa kawai ka saki jiki. Amodari a ke nema. Jihar Jigawa tana cikin jihohin Arewa da wannan cuta ta daɗe tana damu, domin tana son wuri mai ƙura da ƙarancin ruwa. Ga yaro, a kan ga cikin fatar ya yi ƙuraje ƙanana farare farare. Sau da yawa yaron ba ya kukan kome, sai 'yar kwantsa da majina, ƙudaje na sauka suna tashi. Ƙudan nan da ke bin ido a kashin mutum da aka bari a fili ya ke ƙyanƙyashewa, shi ya sa a ke haɗa maganar amodari da maganar masai. Hannu ma na ɗaukar ta, da gefen zanen da uwa ke share fuskar yara uku da shi. In ciwon ya yi ta kamawa yana saki shekara da shekaru, sai cikin fatar ya yi tabo, tabon ya tsuke, bakin fatar ya lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa goge baƙin ido kowace ƙiftawa. Kun san tsofaffin matan da ke ɗaure matsefata a wuya suna tsige gashin ido. Amodari ne na ƙuruciya ya biyo su. Ya fi kama mata, domin su ke tare da yara dare da rana.

Tsigewa na kawo sauƙi na 'yan kwanaki, amma gashin ya kan sake tsirowa. Aikin gyaran fatar ɗan ƙarami ne, ba a sa mutum barci, allurar kashe zafi a ke yi a wurin, ya koma gida ran nan, kuma akwai ma'aikatan jinya da aka koya wa shi musamman. Ga yara akwai maganin shafawa a ido sau biyu kullum har mako 6, ko maganin sha da a kan raba wa gari duka inda bincike ya nuna cutar ta yi yawa. In masu rabo sun zo, kowa ya karɓa, har wanda ba ya jin kome. Kada ku ce abin ba ya ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Gana ta rabu da amodari cikin 2018, Gambiya cikin 2021, Togo cikin 2022, Mali da Benin cikin 2023. Mali kuwa ƙurarta ba ta gaza tamu ba. Wanke fuskar yaro da safe da maraice ba ya cin ruwan da ya wuce moɗa guda.

Sauran abu ɗaya game da yara. In yaro na laluben bango da magariba, yana tuntuɓe da kwano alhali da rana lafiya lau, dundumi ne, alamar jikinsa ya rasa bitamin A. Malamin asibiti zai nemi wani ɗan fari kamar kumfar sabulu a gefen farin ido. Ƙyanda da gudawa su ke ƙarasa irin wannan ido, baƙin ya narke cikin 'yan kwanaki. Saboda haka a ke ɗiga wa yara bitamin A a baki daga wata 6 zuwa shekara 5, bayan kowane wata 6, a ke kuma yi musu allurar ƙyanda. A gida kuma ga zogale, ga manja, ga mangwaro da kabewa, ga hanta da ƙwai.

Abu guda ne a ke soma maganinsa kafin a zo asibiti. In siminti ko farar ƙasa ko ruwan batir ko maganin feshi ya faɗa ido, ko maciji ya tsarta dafi, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, buta bayan buta, har minti 20, sa'an nan a kama hanya.

To, mu koma kunne. Mutane sun fi sakaci da shi, domin makaho kowa na tausayinsa, mai nauyin ji kuwa tsawa a ke yi masa. A nan ma tambaya ce farko: zafi, ruwa, ƙara kamar ta gyare, jiri, wane aiki ka ke yi, wace allura aka taɓa yi maka. Mai injin niƙa da mai walda da wanda ke kwana kusa da janareto, jinsu na raguwa a hankali ba su sani ba, kuma ba ya dawowa. Akwai kuma allurai masu ƙarfi, irin su jentamaisin da sitireptomaisin, waɗanda in an yi su barkatai su kan kashe ji. Wannan ma dalili ne na guje wa masu allura a gida.

Sa'an nan ya duba bayan kunne ya taɓa ƙashin wurin. In ya kumbura yana zafi, har kunnen ya turo gaba, ciwon ya shiga ƙashi, kusa da ƙwaƙwalwa ke nan, sai babban asibiti ran nan. In ba haka ba sai ya ɗauko fitilar duba kunne, ya ja leɓen kunnen sama da baya ga babba, ƙasa da baya ga jariri, domin ramin ya miƙe. Uwa ta zaunar da yaro a cinyarta, ta rungume hannuwansa, ta jingina kansa a ƙirjinta, kada ya fizge. Abin da a ke so a gani shi ne dodon kunne, wata 'yar fata siririya mai sheƙi a ƙarshen ramin. In ta yi ja ta kumburo, mugunya ta taru a bayanta. Akwai wata 'yar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, ga yara gajeriya ce, shi ya sa mura ke haurawa. Yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne, da safe sai a ga ruwa a matashi, kukan ya tsaya, uwa ta ce ya sami sauƙi. Dodon ne ya huje.

Wasu iyaye mata su kan ce nono ne ya zuba a kunnen wajen shayarwa, in ya girma zai bari. Ba nono ba ne, mugunya ce. In ruwan ya kai kwana 14 yana zuba, ciwon ya zauna, kuma kowane wata da ya ƙara yana rage jin yaron. Za a nuna muku yadda za ku murɗa ƙyalle mai tsabta mai laushi, ku sa a bakin ramin ya tsotse ruwan, ku sake wani har ya fito a bushe, sau 3 kullum, sa'an nan ku ɗiga maganin da aka ba ku. Ban da mai, ban da ruwan ganye. Wajen wanka a toshe kunnen, kuma yaron ya haƙura da iyo a dam ɗin Kazaure ko kududdufin bayan gari har ya warke.

Dauɗar kunne kuwa ba ƙazanta ba ce, tsaro ce, ita ke kama ƙura, kuma tana fitowa da kanta. Ashana da gashin kaza da makullin babur da tsinken auduga tura ta ciki su ke yi, wani lokaci su huda dodon. In ta toshe, a asibiti a kan tausasa ta a wanke. In yaro ya cusa wake ko masara, kada ku zuba ruwa, zai kumbura, kada kuma ku bi shi da tsinke. In ɗan batirin agogo ne, ku yi sauri, ya kan ƙona nama cikin 'yan sa'o'i.

Awon ji shi ma kunne ɗai ɗai a ke yi. Malami zai tsaya bayanka tsawon hannu guda, inda ba ka ganin bakinsa, ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana murzawa, ya raɗa lambobi ka maimaita. Dole a ɓoye baki, domin mai nauyin ji ya kan koyi karanta leɓe bai ma sani ba. Wani lokaci a kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu a ɗora a goshi ko bayan kunne, a gane ko toshewa ce a hanya ko jijiyar ce ta gaza. Jarirai kuwa iyaye ne ma'auninsu. Sabon haihuwa ya kan zabura in ƙofa ta bugu. Ɗan wata 6 ya kan juya wajen muryar uwarsa ko bai gan ta ba. Ɗan shekara guda yana gwalan gwalan, yana amsa sunansa. Ɗan shekara 2 yana haɗa kalma biyu. In yaro ya wuce waɗannan shiru, kada a ce ai kawunsa ma ya yi jinkirin magana, a kai shi a auna. Yaro da kunne ya ke koyon magana, kurman da ba a gane da wuri ba shi ke zama bebe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 10 masu matsalar ji, wajen 6 da an iya hanawa. Ga wanda jinsa ya riga ya ragu akwai na'urar ƙara ji, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da sashen kunne a manyan asibitocin Kano.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Manya na tune da annobar 1996, wadda ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. An soma allurar rigakafin irinsa guda cikin 2011, cikin 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara aiki da sabuwar allurar da ke tare iri 5. Cikin waɗanda suka tashi daga sanƙarau, kusan 1 cikin 5 ya kan bar musu wani lahani, kurumta kuwa tana cikin na gaba. Saboda haka in an sallami yaronku bayan sanƙarau, ku tambaya a auna jinsa kafin ku bar asibitin, in bai samu ba ku dawo da shi kafin wata guda ya cika. Haka bayan ƙyanda da hangum. Babba kuma in ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, babu zafi babu ruwa, kada ya ce iska ce. Maganin wannan a kwanakin farko ya fi ci.

In za ku zo duba, ku zo da hantsi, lokacin da haske ya ke da kyau ga allon bango. Ku riƙo tsohon kati, da tabarau in kuna da shi, da kwalaben duk abin da aka ɗiga. Tsoho ko tsohuwa a haɗa su da ɗan rakiya, domin in an tura ku babban asibiti a kan ɗiga wani magani mai buɗe ƙwayar ido, gani ya kan dushe har yamma, ba a hawa babur ko keke a koma gida da shi.